Dorinar Tumbutu a Cikin Salula

Salifu ya mayar da goron auren 'yarsa Suwaiba ranar Asabar, kasuwar Malanbil na tsakar ci.

Bai aiki kowa ba. Da kansa ya ɗauki ƙwaryar, ya ratsa layin masu albasa, ya wuce ofishin duwan, wato kwastan, ya dire ta a bakin shagon gyaran salula na Zayyad. Ko ƙwara ɗaya ba a taɓa ba.

"Ka kai wa iyayenka," ya ce. "Ba ni da ɗiyar da zan ba ka."

Zayyad ya miƙe da ƙarfen aiki a hannu. Kafin ya sami abin faɗa, tsohon ya juya.

Duk wanda ya manyanta a bakin kogin nan ya san wane ne Salifu. Yanzu dillalin albasa ne mai furfura, mai ɗingishi idan sanyi ya sauko. Amma a zamaninsa shi ne Dorinar Tumbutu, ƙauyensu da ke nan kusa. Ya yi kokawa a Gaya, ya yi a Gene, ya haye har Kamba, kuma ya ajiye walki bayansa bai taɓa ƙasa ba. Bai yi boko ba, bai tara dukiya ba. Abin da yake da shi ke nan, kuma ya ishe shi.

Yana da takensa, kiɗan da Arziki makaɗi ya yi masa shi kaɗai. Idan aka buga, ko makaho ya san Dorina ta shigo fili. Arziki ya rasu, gangarsa ta tsage a rataye, taken ya bi shi kabari. Haka dai Salifu ya ɗauka.

Ranar Juma'a da hantsi, ana gobe zai mayar da goron, yana tsaye ana loda wa wani kamiyo, babbar motar kaya, buhuna, sai ya ji shi.

Taken ne. Ba mai kama da shi ba, shi ɗin ne, har da 'yar tsayawar nan da Arziki kan yi kafin ya sake zubowa. Ƙafarsa ta dama ta motsa da kanta.

Ya bi sautin har inuwar da 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja. Ƙarti masu gemu sun haɗa kai a kan salula ɗaya. Ya leƙa ta bayansu.

A cikin gilashin akwai wani ɗan mutum da bai kai yatsa ba, da walki, da kambu a damtse, da layu a wuya. Gudu yake a kan buhunan albasa. Duk inda ganga ta sauka, mai salular zai danna da babban yatsa, ɗan mutumin ya yi tsalle: daga buhu zuwa bayan kamiyo, daga kamiyo zuwa ƙarfen gada, daga gada zuwa jirgin masunta. Idan yatsa ya bi kiɗa, sai ya dira daidai. Wannan karon yatsa ya riga ganga.

Ɗan mutumin ya zame. Ya faɗi rigingine, ƙafafu a sama.

"Dorina ta sha ƙasa!" wani ya ce. Dariya ta ɓarke.

"Ba ni nan, kai ba ka iya ba. Ni jiya sai da na kai shi tsakiyar kogi."

"Kai dai tun safe kake ka da tsohon nan. Bar shi shi huta."

Sai ɗayansu ya waiga. Dariyar ta mutu a bakinsa, ta mutu a bakin sauran. Ganga kawai ke ci gaba a cikin salula.

"Wa ya yi wanga abu?" Salifu ya tambaya.

"Zayyad ne, Baba. Surukinka. Ai don girmamawa ya yi. Kowa na da shi, har jandarma..."

Salifu bai tsaya jin sauran ba.

*

Ranar da ya mayar da goron, da la'asar ya shiga gida. Keken ɗinkin Suwaiba, wanda ba ya shiru sai lokacin salla, yana tsaye. Labari ya riga shi isowa.

Yayarsa Asabe ce ta tare shi. Ita ke riƙe da gidan tun rasuwar matarsa Salamatu.

"Ka yi daidai," ta ce. "Tun farko na ce mai wasa da 'yan tsana a gilashi ba miji ba ne. Ga Alhaji Sumaila na Kamba, mutum kamili, hannunka shike sayen albasa. Ya aiko, ya sake aikowa, kuna ta yi mishi yanga."

"Ban tambaye ki ba, Yaya."

"Ai ba sai an tambaye ni ba, baki gare ni."

Ya zauna a kan tabarma, ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Suwaiba ta fito daga ɗaki. Ba yarinya ba ce, mace ce mai sana'arta, rabin amaren unguwa ita ke yi musu ɗinki. Amma da ta durƙusa a gefen tabarmar, idanu jajur, sai ya ga 'yar nan da yake ɗorawa a wuya zuwa kallon jirage.

"Baba, ka yi mini izini in yi magana."

"Yi."

"Ba Zayyad ya nemo taken ba. Ni na kai mishi."

Ya dube ta.

"Ke ina kika san shi? Ba a haife ki ba na bar fili."

"Wurin Inna." Ta gyara mayafi. "Duk sanda take daka, in ba ka gida, da takenka take lugude. Ta jefa taɓarya sama, ta tafa, ta cafe. Da shi na tashi, Baba. Daminarta ta ƙarshe na ɗauke ta a 'yar salularta, tana yi. Da ta rasu salular ta mutu. Na kai gyara wurin Zayyad ina kuka, ya ce salula ba ta tashi, amma ya ciro mini katin da ke ciki. Da ya saurara ya ce wanga wane kiɗa ne? Na gaya mishi. Shi ya ɗora ganga a kan sautin turmin."

Salifu ya kau da kai, yana kallon turmin da ke kife a gindin bango. Ya san da luguden. Sau da yawa yakan tsaya a zaure, takalmi a hannu, ya saurara har ta gama, sannan ya yi gyaran murya ya shigo kamar bai ji komai ba. Bai taɓa gaya mata ba. Ba zai gaya wa 'yarta ba.

"Baba, yaushe rabon da ka ji an ambaci Dorina a kasuwa? Samarin yanzu mai albasa sunka sani. Yau kowa ya san takenka."

"Sun san shi da faɗuwa."

"Ba kai ke faɗuwa ba. Yatsunsu ne ba su iya ba."

"Walkin wa ke jikin abin?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ke nike tambaya."

"Naka."

"In ya faɗi, sunan wa suke kira?"

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba.

"Maza sun karya mini haƙarƙari ban faɗi ba," ya ce. "An yi mini asiri ban faɗi ba. Yau mai kabu-kabu na jiran fasinja shina ka da ni da yatsa ɗaya, shina cin gyaɗa da ɗayan hannun."

"Wallahi ba da wulaƙanci ya yi ba. Wata da watanni yana zana kambun nan, har wurin tsofaffin Tumbutu ya je tambayar yadda kake ɗaura walki. Kuma akwai abin da ya sa a ƙarshen wasan, da ka..."

"Ban son ji."

"Baba, don Allah."

"Ban taɓa tilasta maki miji ba, ba kuwa zan fara ba. Ki kawo kowa. Ban da shi."

"In ba shi ba, ba ni da wanda zan kawo."

"To ki zauna ki yi ta ɗinki."

Ta tashi a hankali ta koma ɗaki. Ya jira ya ji ƙarar keke. Bai ji ba.

*

Kwanakin da suka biyo baya Salifu ya canja hanyar zuwa rumfarsa. Bai yi amfani ba. Taken na fitowa daga shagon mai shayi, daga tagar kamiyo, daga aljihun mai gadi. Duk inda ya katse ba zato, ya san an sake ka da shi.

A gida Suwaiba na kawo masa abinci, ta gaishe shi, ta tafi. Ba ta ƙara roƙonsa ba. Wuyanta ya fara fitowa. Ya gani, ya yi kamar bai gani ba.

Alhaji Sumaila kuwa ya mayar da zauren gidan wurin hutawarsa. Matashi ne mai ƙiba, mai turare, mai ladabin da ya yi yawa. Ranar Alhamis bayan la'asar yana zaune ya tanƙwashe ƙafa.

"Baba, in ka yarda ni in tsaya maka. Ina da mutane a jandarma. Gobe-gobe sai a rufe shagon yaron nan."

"Tun da nike ban taɓa kai ƙarar mutum ba."

"Ai mutuncinka ne nike ji, Baba. Ni da a gidana..."

Aka yi sallama. Zayyad ne, kansa a ƙasa, tare da kawunsa Bukari, tsohon masunci, sa'an Salifu.

Bukari ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Salifu, mi ya yi zafi haka? Ni nan ka ka da ni a Karimama gaban budurwata, ta gudu ta auri mai kifin busasshe. Na mayar maka da goro?"

"Kai faɗuwa sana'arka ce, Bukari."

"To ai shi ya sa na zo, ni na san daɗinta. Ba ta kisa."

Salifu bai yi dariya ba, amma bai kore su ba. Bukari ya zunguri ɗan 'yar'uwarsa.

Zayyad ya matso a durƙushe. Ya rame shi ma. Akwai ƙunar dalma a yatsunsa.

"Baba, na yi kuskure. Ya kamata in zo in nemi izininka tun kafin in zana ko layi ɗaya. Na so ne in kammala in kawo maka ranar ɗaurin aure. Wani abokina ya ɗauka a salulata, kafin in farga ya zagaye gari."

"Ka gama?"

"Na gyara shi, Baba. Na yi sabo. A wannan Dorina ba ta faɗuwa, ko mi anka yi."

Ya miƙa salula da hannu biyu. Salifu bai karɓa ba. Ya nuna Sumaila da haɓa.

"Ba Alhaji."

"Ni, Baba? Ni ban san waɗanga abubuwa ba."

"Shi ya sa."

Sumaila ya karɓa yana murmushin dole. Ganga ta tashi. A ƙarƙashinta, yanzu da Salifu ya sani, yana jin turmin: dukan taɓarya, tafi, dukan taɓarya. Ya dafe gwiwa.

Yatsan Sumaila bai san kiɗa ba. Yana danna inda babu ganga, yana barin inda take. Ɗan mutumin bai damu ba. Ya tsallake buhuna. Ya haye gada. Inda babu jirgi ya taka ruwa ya wuce kamar a kan daɓe. Can Sumaila ya ɗauke hannu gaba ɗaya don ya gyara hula, ɗan mutumin ya ci gaba da tsallensa shi kaɗai.

"Ka gani, Baba?" Zayyad ya ce a hankali. "Ba ya faɗuwa."

"Na gani. Da ka ka da ni. Yanzu ka mayar da ni wawa." Muryar Salifu ba ta tashi ba. "Duk ranar da na shiga fili, ana iya ka da ni. Shi ya sa mutane ke zuwa. Wanga abu ko jaki ya taka, ya ci."

Zayyad ya buɗe baki. Bai kai ga magana ba, ɗan mutumin ya dira a ɗaya gaɓar kogin, ya ɗaga hannuwa sama. Ganga ta tsaya.

Sai guɗa ta tashi.

Guɗar mace ce, doguwa, mai 'yar karyewa a ƙarshe. Salifu ya san ta kafin ta kai rabi. Ita ce ya fara ji a filin Gaya ranar da ya ka da abokin karawarsa Ɗan'auta, daga bakin wata mai sayar da fura, ya bi taro yana tambayar ɗiyar wa ce. Bayan guɗar aka yi 'yar dariya, sannan murya ta ce, kusa-kusa, kamar daga tsakar gida:

"Ke Suwaiba, kashe abin nan, kada babanki shi ji."

Bukari ya cire hula ya riƙe. Daga bayan ƙofar cikin gida aka ji wata ta toshe baki da mayafi.

Salifu ya juyo wurin Zayyad.

"Wanga ma shina cikin na 'yan kabu-kabu?"

"Shina ciki, Baba. Amma ba wanda ya taɓa ji. Ba wanda ya taɓa kaiwa ƙarshe. Na tsananta shi da gangan, yadda ba mai hayewa sai wanda taken ke cikin jikinsa." Hawaye suka cika idon Zayyad. "Kai na yi wa, Baba. Na so ka haye da hannunka, ka ji ta."

"To ga wanda ya fara ji."

Ya nuna Sumaila. Sumaila ya ajiye salular a kan tabarma kamar ta ƙona shi.

Sai a lokacin Zayyad ya gane abin da ya yi. Garin cire faɗuwa, ya buɗe ƙofar da ya kulle da kansa. Ya dafe kai da hannu biyu.

"Matata ko a zaure ba a taɓa jin muryarta ba," Salifu ya ce. "Yau tana aljihun kowane ƙato a tasha, ana jiran wanda yatsansa zai yi sa'a."

"Salifu," Bukari ya ce, babu wasa a muryarsa yanzu, "yaro ya yi wauta, amma ba ƙiyayya ba ce. Ka yanke mishi abin da zai yi. Kada ka kashe yara biyu a kan abu ɗaya."

Salifu ya dubi ƙofar cikin gida. Ya tuna wuyan Suwaiba. Ya tuna keken da ya daina kuka.

"Shi bi salula ɗaya-ɗaya shi goge. Ta duwan, ta jandarma, ta kowa."

"Zan bi, Baba. Duk wurina suke kawo gyara. Wanda bai zo ba zan same shi."

"Sannan katin da anka ciro. Ina shike?"

Zayyad ya ɗago.

"Shina wurina. Suwaiba ta ba ni ajiya."

"Ka karya shi nan gabana. Kada ya rage inda za a sake ɗauko ta. In ka yi, Bukari shi dawo da goro gobe."

"Alhamdu lillahi," Bukari ya ce da sauri. "Ka ji, yaro. An gama."

Sumaila ya soma neman takalmansa da ido.

Zayyad ya ciro 'yar takarda daga aljihun gaba, ya warware. Katin bai kai farce ba. Ya ɗora shi a tafin hannu, ya ciro ɗan awartakin aikinsa. Ya dubi ƙofar cikin gida. Ya dubi tsohon. Ya sa katin a bakin ƙarfen.

Salifu ya zuba wa katin ido. Sai yanzu ya lissafa abin da bakinsa ya faɗa. Babu hoton Salamatu ko ɗaya a gidan, ba ta yarda a ɗauke ta. Zannuwanta an raba. Abin da ya rage nata a duniya shi ne ɗan baƙin abin nan, kuma sau ɗaya tak ya ji shi, a hannun wani. Kalmar "tsaya" ta taso masa har maƙogwaro. Amma ga Bukari, ga baƙo daga Kamba. Bai taɓa furta magana gaban maza ya janye ta ba. Ya damƙe gwiwarsa, ya rufe baki.

"Bismillahi," Zayyad ya ce.

Ƙofar cikin gida ta buɗe.

Suwaiba ta shigo ba sallama, mayafi a karkace, fuska jiƙe. Asabe na bayanta tana jan zanenta.

"Ke! Zaure ne, maza ne zaune! Ba ki da kunya?"

Ba ta waiga ba. Ta tsaya a kan Zayyad ta miƙa hannu.

"Ajiya na ba ka. Ba ni abina."

"Suwaiba, ki yi haƙuri. Ita kaɗai ce hanyar da ta rage mana. Gobe za a dawo da goro."

"Na ji. Ba ni."

"In na ba ki, shi ke nan fa. Kin san Baba ba ya magana biyu."

"Na fi ka sani. Ba ni."

Ya saki awartakin. Ta ɗauki katin, ta dunƙule shi a hannu, ta kai ƙirji. Sannan ta juya ta durƙusa gaban mahaifinta, har gwiwoyinta na taɓa bakin tabarmarsa.

Salifu ya ɗaure fuska. Numfashin da ya riƙe ne kawai ya kuɓuce masa, kuma ya san ta ji.

"Ke," ya ce. "Na yanke magana. Ki ba shi ya karya, a yi aurenku."

Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta yi wayo.

"Ka yafe mini, Baba. A bar goron inda shike. Ba za a karya ba."